Ledar da ba ta shiga mudu ba

Ranar layyar bara, da mahauci ya farke tumbin ragona sai ya yi tsaki, ya zaro wani dunƙulallen abu baƙi ya miƙo mini. Na ɗauka ƙari ne. Ashe leda ce, ta cure ta yi tauri kamar kitsattsiyar igiya, har da ta fiya wata wadda rubutun jikinta bai gama gogewa ba. Ya ce, "Alhaji, kaɗan ka gani. Leƙa kwata da sassafe ka ga abin da ake fitarwa daga cikin shanu." Sai a lokacin na gane abin da ya hana ragon ƙiba, duk da dusa da harawa da ƙowar wake da na yi wata biyu ina zuba masa.

Ɗan ƙanwata mai karatun injiniya yana durƙushe riƙe da ƙafar ragon. Da na fara faɗa ina cewa gara gwamnati ta hana leda kowa ya koma jakar yadi, sai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma an auna fa. Jakar auduga sai ka yi cefane da ita sau 7,100 kafin ta biya ɓarnar da aka yi wajen haɗa ta, in an gwada ta da leda." Na ce wa ya auna? Ya ce 'yan Denmark. Na ce a wace kwata suka auna? Aka yi dariya, aka ci gaba da fiɗa.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin yaron ba maƙaryaci ba ne. Na bi sawun lissafin, na tarar gaskiya ya faɗa, kuma na tarar ni ma tambayata ba ta wasa ba ce.

Dabarar da ake wannan awo da ita ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Manomi ba ya lissafin buhun masara daga ranar girbi. Yana farawa daga iri da taki da huɗa, ya bi ta kuɗin 'yan ƙwadago da maganin feshi, ya zo sussuka da buhu da dako da la'adar dillali, sannan ya san ko ya ci riba ko ya faɗi. Masana muhalli haka suke yi wa kaya, sai dai su ba naira suke ƙirgawa ba. Suna bin kaya tun daga ramin da aka tono ma'adininsa ko gonar da aka shuka shi, zuwa masana'anta, zuwa jirgin ruwa da tirela, zuwa hannun mai amfani da shi, har bolar da zai ƙare. A kowane zango su rubuta abin da ya shiga, ruwa nawa, wuta nawa, mai nawa, da abin da ya fita, hayaƙi da dagwalo da shara. Sannan su kasa ɓarnar gida-gida: wadda ke ɗumama duniya, wadda ke gurɓata ruwa, wadda ke cutar da huhun mutum, wadda ke cinye ƙasar noma. Kuma ba jaka da jaka ake gwadawa ba, aiki da aiki ake gwadawa: ɗauko cefane daga kasuwa zuwa gida, sau kaza. Kamfanin Coca-Cola ne aka fi ambata da fara irin wannan lissafi a 1969, lokacin da yake son sanin wanne ya fi tsakanin kwalba da sauran mazuban lemo. A 1997 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'idar aikin mai lamba ISO 14040, aka sabunta ta a 2006.

Ina ganin wannan hanya daidai ce, kuma muna bukatarta fiye da yadda muke zato, domin ido yana ruɗi. Ido yana ganin ledar da ta maƙale a ƙaya, ba ya ganin ruwan da aka sha kafin a saƙa yadi. Leda guda 'yan giram ce, iska ma ɗaukarta take yi. Jakar auduga kuwa sai an yi noma, an zuba taki, an yi feshi sau da yawa (manoman Funtuwa da Gusau ba sa bukatar a gaya musu yadda auduga ke shan magani), an gurza, an kaɗa, an saƙa, an rina, an ɗinka, an yi dakonta daga wata nahiya. A inda ake noman auduga da ban-ruwa, abin ya wuce haka. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan ya taɓa zama na huɗu a girma cikin tafkunan duniya, amma tun daga shekarun 1960 da aka karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga, ya yi ta ƙafewa har jiragen kamun kifi suka kwanta a kan yashi. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da nata awon a 2011, ta ce a ma'aunin ɗumamar duniya sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, ta auduga sau 131, kafin su kamo ledar da aka yi aiki da ita sau ɗaya. Wanda duk ya tara jakunkunan yadi goma a gida daga tarukan bita, kowace da tambarin ƙungiya, yana ganin ya taimaki duniya, to ya sake lissafi.

Har nan ni da ɗan ƙanwata bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne wutsiyar lissafin.

Rahoton da ya ambata hukumar kare muhalli ta Denmark ce ta fitar da shi a 2018. Wannan lamba ta 7,100, da 'yar'uwarta 20,000 ta audugar da ba a sa wa takin zamani da maganin feshi, sun fito ne daga gida ɗaya cikin gidajen ɓarnar da aka auna, wato lalata rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana. A gidan ɗumamar duniya, sau 52 rahoton ya ce. Wannan ma da sauƙi. Babban abin shi ne yadda aka ɗauka ledar za ta mutu. A Denmark mutum ya kawo cefane gida, ya shimfiɗa ledar a kwandon shara, mota ta zo ta kwashe, a kai masana'antar da ke ƙona shara ana samar da lantarki da ruwan zafin ɗumama gidaje. Ledar tana mutuwa ne ta bar gado. Kuma masu rahoton sun faɗa da bakinsu cewa ba su sa ledar da ake yarwa a titi cikin lissafi ba. Ba su yi ha'inci ba, ƙasarsu suka auna, don mutanensu.

To tamu ledar yaya take mutuwa? Ba ta mutuwa, yawo take yi. Ta fito daga shago da sukarin naira ɗari, ta faɗa kwata, ta haɗu da dubban 'yan'uwanta su toshe magudanar ruwa, ruwan Agusta ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, katangar ƙasa ta jiƙa ta faɗi. Abin da ya kwanta ya zama gidan sauro. Wadda ta tsira daga kwata ta tafi bola, manomin bayan gari ya sayi sharar a matsayin taki kamar yadda kakanninsa suka saba, ya watsa a gona, shekara ta zagayo garma tana tono leda maimakon dunƙulen ƙasa. Wata a cinna mata wuta a tsakiyar unguwa bayan magariba, yara suna wasa a cikin hayaƙin. Wata uwar gida ta hura gawayi da ita. Wata a ƙulla alale a ciki a jefa a tafasasshen ruwa, ko a zuba koko mai tururi. Saura kuma akuya da rago da saniya su cinye saboda gishiri da maiƙon da ke jiki. Ba mu kaɗai ba ne. Bangladesh ta hana leda tun 2002 bayan an gano yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya. A Accra, daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai da shara na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Duk wannan babu ko ɗaya a cikin 7,100.

Mu da muka tashi a kasuwa mun san kowane gari da mudunsa. Wanda ya sayi gero da tiyar wani gari ya zo sayarwa da mudun wani, ko ya yi kuka ko ya sa wani kuka. Mun kuma san ba a mudu kaɗai ake cuta ba, har da hannun mai awo: ko ya tsaya a baki, ko ya yi tozo, ko ya tare da hannu. A awon rayuwar kaya, hannun mai awo shi ne iyakar da ya shata, daga ina zai fara ƙirga, a ina zai tsaya, me zai ce wannan ba ya cikin lissafi. Wanda ya shata iyaka ya riga ya rubuta rabin amsa. Shi ya sa in kamfani ya buga a jikin kwali cewa kayansa masu son muhalli ne, tambayar farko ita ce wa ya biya kuɗin awon, ta biyu kuma a wace ƙasa aka ce kayan za su ƙare.

Kada a ɗauka ina goyon bayan masu cewa a hana kawai. A ranar layyar ni ma haka na ce, cikin fushin ragona, kuma na janye. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana leda tun 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san a cikin me ake ƙulla masa tumatir. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma su sun tsananta. Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024, ta faɗaɗa hanin zuwa wasu robobin amfani sau ɗaya a tsakiyar 2025. Abin da nake tambaya kullum shi ne, in an ɗauke wannan me zai zauna a gurbinsa, kuma an auna shi? Ɗauki fiya wata. Ƙazantar da take jawowa kowa na gani. Amma ledar rabin lita ba ta kai nauyin robar gora mai ɗaukar ruwa daidai da ita ba, kuma ɗan dako a tasha da naira nawa zai sayi gora? In ya koma ruwan da ba a san asalinsa ba a cikin kofi ɗaya da kowa ke sha, amai da gudawa ma ɓarna ce da ya kamata ta hau sikeli. In an ce a koma takarda, daga wane daji za a sare itacen, a ƙasar da hamada ke cin ta, ko da wace dala za a shigo da ita? Sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Zatona, in muka yi awon da gaskiya a ƙasarmu, abin da zai yi nasara ba sabon abu ba ne. Kwalbar lemo ce da muke mayarwa a karɓi kuɗin ajiya, a wanke a sake cikawa. Kwando ne, da ƙwarya da faifai, da kwanon sha da yaro ke zuwa sayen ƙosai da shi. Buhun shinkafa ne da tela ke yankawa ya sa masa hannu, ya shekara yana zuwa kasuwa. Amma zato ne, kuma dalilin rubutun nan ke nan: mun gaji da mulki da zato, nawa ko na kwamishina.

Leda ƙaramin misali ce. Abin da ya fi damuna shi ne, a rayuwar kayan duniya mu ne muke riƙe da kai da wutsiya, wasu suna riƙe da tsoka. Wani takalmin fata da ake sayarwa a Italiya, fatar akuyarmu ce ko ta tunkiya, an jeme ta a masana'antun Challawa ko Sharaɗa ko Bompai a Kano. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yi, kuma an daɗe ana rubutu a kan dagwalon masana'antu da ke gangarawa kogin Challawa, inda masu lambu ke ban-ruwa. Takalmin ya tafi da sheƙinsa, ruwan ya zauna da mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zinaren da ke cikin zobe da cikin wayar hannu ba a rubuta masa garinsu a jiki. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje, wani lokaci a turmi da injin da ake niƙan hatsi. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a irin su Dareta da Bagega. A Arlit ta Nijar, inda aka daɗe ana haƙo wa Faransa yuraniyam, ma haka: ana yabon lantarkin Faransa da ƙarancin hayaƙi domin yawancinsa daga nukiliya ne, amma da aka rufe ma'adanar yuraniyam ta Akouta a 2021, tarin dusar ma'adinin da ta rage, kimanin tan miliyan 20, a can aka bar ta.

Wutsiyar kuma ita ce abin da muke saya bayan wasu sun gama cin moriyarsa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. A takardar mai ƙera motar, rayuwarta ta ƙare a wurin da ake wargaza ta bisa ƙa'ida. A zahiri tana nan tana jigila tsakanin Kano da Katsina, an cire mata tukunyar tace hayaƙi an sayar. Haka gwanjo, haka tsofaffin firji da kwamfutoci. Ba na cewa a daina sayensu, ni ma motata ta hannu ce, kuma tsawaita ran kaya sau da yawa alheri ne ga muhalli. Cewa nake a rubuta shekarun da suka yi a nan da inda gawarsu ta faɗi. Ba mu manta da garin Koko na jihar Delta ta yanzu ba, inda a 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a filin wani bawan Allah.

Ga sola, wadda nake ƙauna domin ita ta raba ni da kukan janareta. Faifan sola ba ya hayaƙi, gaskiya ne. Amma batirin fa? Mafi yawan gidajen da suka fara sa sola da batirin dalma suka fara, mai shekara biyu ko uku ya mutu. Sai ɗan gwangwan ya saya, a fasa da gatari, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda irin wannan sana'a. Kalmar sake sarrafawa tana da daɗin ji a taro, amma a takardar Bature tana nufin masana'anta mai matatar hayaƙi, a bayan gidanmu kuwa tana nufin yaro ba takalmi yana juya narkakkiyar dalma. Babur mai lantarki ma haka: wanda aka yi wa caji da wutar Kainji ko Shiroro daban, wanda aka yi wa da janaretan dizal daban, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya.

Na san abin da za a ce. Mutumin da bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da awon hayaƙi, alhali duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya? Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa ban gina maganata a kan ɗumamar duniya ba. Na gina ta a kan ragon da ya ƙi ƙiba, da ɗakin da ruwa ya ci, da jinin yaro. Waɗannan asarar talaka ce tun kafin ta zama ta duniya. Sannan ko mun so ko mun ƙi, awon yana zuwa ƙofar kasuwarmu. Tun Oktoba 2023 Tarayyar Turai ta fara neman duk mai shigar mata da siminti, ƙarfe, alminiyam ko takin zamani ya bayyana hayaƙin da aka fitar wajen yin su, da nufin ɗora haraji a kai. Wanda bai kawo lissafinsa ba, akwai lambar da suka tanada za su liƙa masa. Wato in ba ka zo da mudunka ba, da nasu za a auna ka, kuma ba kai za ka riƙe shi ba.

Abin da ya rage mana ba ya bukatar na'urar biliyoyi. Ƙa'idar awon a rubuce take, kowa na iya koyo. Abin da babu shi ne lambobinmu, kuma suna nan zube a ƙasa ba mai ɗauka. Ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni a Yamai suna rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. Me zai hana a tura wasu kwata da sikeli, su yi shekara suna auna ledar da ke fita daga tumbin kowace dabba, rani da damina? Wasu su bi leda dubu daga bakin shago su ga nawa ta je bola, nawa kwata, nawa wuta. Wasu su zauna da 'yan jari-bola, waɗanda suka fi kowane farfesa sanin abin da ke komawa masana'anta da abin da ba mai saye, su san farashin kilo na kowace irin roba da dalilin da ya sa ba sa sunkuyawa don baƙar leda. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta Najeriya, NESREA, da aka kafa a 2007 tana da tsarin da ke ɗora wa mai yin kaya alhakin sharar kayansa, kuma daidai ne, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Amma nawa za a caje shi in ba a san nawa ya zubar ba? Kuma duk gwamnan da zai sa hannu a dokar hani, a fara tambayarsa takardar da ta gwada abin da zai hana da abin da zai maye gurbinsa, a garinsa, da bolar garinsa.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata duk wannan da ya zo hutu. Ya saurara, ya ce, "Kawu, to ita ledar ragon naka kilo nawa ce?" Na yi shiru. Ban auna ba. Ina tsaye ina faɗa a kan gwamnati mahaucin ya karɓe ta daga hannuna ya wurga bayan katanga, wajen da awakin maƙwabta ke kiwo.